Kafaɗar Ƙugiya

Kafaɗar Ƙugiya ta hagu ta fara gocewa ne tun matarsa tana ɗauke da cikin 'yarsu. Da rana mai fenti ne, yana bin sababbin gine-gine da bokiti da buroshi. Da yamma kuma ɗan kokawa ne a wani zaure da ke saman shagon masu facin taya, inda ake shimfiɗa katifu a kama juna, a kayar, a murɗe hannu ko a shaƙe wuya har sai ɗaya ya buga katifa, alamar ya sallama. Can suka raɗa masa Ƙugiya, don in ya saƙala hannu a wuyan mutum, sai dai wani ba shi ba. Sunan ya biyo shi gida har ya danne na gaskiya. Matarsa ma duk layin ba mai kiranta da komai sai Tela, saboda keken ɗinkin da ke bakin tagarta yana kuka tun safe.

Ranar farko asibiti aka kai shi. Tela tana tsaye da tulelen cikinta ta ga yadda likita ya kwantar da shi rigingine, ya manna gwiwar hannun da haƙarƙari, ya riƙa juya damtsen waje sannu sannu kamar mai buɗe tsohuwar ƙofa, har aka ji ƙwas, ƙashin ya koma gurbinsa. Daga nan aka tura su wajen likitan gashin ƙashi, wani siririn mutum mai tabarau da ke da kafaɗar roba a kan teburinsa.

"Kalli nan," in ji likitan. "Kafaɗa ba rami ba ce. Ɗan faranti ne da ƙwallo a kansa. Abin da ke riƙe da ƙwallon wasu 'yan tsokoki ne a baya, waɗanda ba a gani a madubi. Kai ka gina gaba, ƙirji ya ɗaure tamau ya jawo kafaɗun, ka bar baya a sake. Kuma duk gocewa ɗaya tana cin bakin farantin. Wanda ya cinye ba ya dawowa."

Ya ba shi wata doguwar roba ja, ya nuna masa yadda zai ɗaura ta a hannun ƙofa ya riƙa ja a hankali, da yadda zai dafa bakin ƙofa ya miƙe ƙirji. Ya ce ya huta 'yan watanni, kada ya sake hawa katifa jiki a sanyaye, kuma in an kama hannun, ya buga da wuri.

Ƙugiya ya yi dariya har da riƙe ciki da hannun dama. "Likita, komai na ji. Amma bugawar nan, ni ba a koya min ba."

Ya ja robar na 'yan kwanaki, yana yi yana tsaki. "Wannan ai wasan 'yan mata ne," in ji shi.

"To ba ni in yi maka," in ji Tela, "tunda ni mace ce. In kafaɗata ta yi ƙarfi sai in ara maka."

Ba a jima ba robar ta koma ɗaure labule. Shi kuma ya koma saman shagon faci tun kafin a haifi yarinyar.

Karo na biyu abokansa ne suka kawo shi gida a rirriƙe, ya jiƙe sharkaf da gumi, hannun na lilo kamar ba nasa ba. Jaririyar, wadda suke kira Tsigi saboda ƙanƙantarta, tana barci a gado. Tela ta ɗauko mayafi za su asibiti, sai ya girgiza kai.

"Maman Tsigi, ke kin ga yadda ya yi. In na je za su rubuta a hana ni kokawa. Don Allah."

"Ni tela ce, ba likita ba."

"Wanda ya iya zura zare a allura ai ya iya wannan. Hannunki ya fi nasa sanyi."

Ta durƙusa a gefensa. Ta manna gwiwar hannun da jikinsa, ta fara juyawa. In ya ɗaure jiki sai ta tsaya, ta yi masa hira har ya saki, sannan ta ci gaba. Da ta ji ƙwas ɗin a tafin hannunta, sai da tsigar jikinta ta tashi. Ƙugiya ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya kama yatsunta ya ɗora a goshinsa. Abokan suka hau tafi, ɗaya ya ce daga yau sunanta Likita. Ta kore su da zagin wasa, amma abin ya yi mata daɗi. Ƙaton mutum irin wannan, da maza ke tsoro, ga shi kwance yana jiran hannunta.

Daga nan abin ya zama jiki. Tun daga takunsa a matakala take gane ko ta goce, don yakan hawo a karkace, yana jan numfashi ta haƙori. Sai ta ture ɗinkin, ta share ƙasa, ya kwanta. Kullum mayarwar tana ƙara sauƙi, gocewar ma haka. Da fari sai an murɗe shi a kokawa. Daga baya ta goce masa a kan tsani yana fentin silin. Ta goce yana miƙa hannu zai kashe fanka. Har tsokanarsa Tela take yi, wai ya riƙa sallama kafin ya yi atishawa. Ya yi dariya, ita ma ta yi, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Hannunta ya fara jin abin da idonta ba ya gani: ƙashin yana shiga ba tare da ƙwas ba, yana sulluɓewa kamar ƙafa a tsohon silifa.

Wata rana da hantsi, bayan ya fita aiki, ta ɗauki Tsigi ta tafi zauren. Ta bi ta cikin tulin tayoyi ta hau matakalar ƙarfe. Wurin yana warin gumi da jiƙaƙƙen soso. Katifun duk faci ne da baƙin salatif. A jikin bango ga robobi irin ta mijinta a rataye, gizo-gizo ya yi saƙa a tsakaninsu. Koci, mai horar da su, shi kaɗai ne a ciki yana shara, wani gajeren dattijo mai kunnuwa a dunƙule kamar an tauna an tofar.

"Baba, wajenka na zo," in ji ta bayan sun gaisa. "Ka hana shi. Maganarka kaɗai yake ji."

Koci ya jingine tsintsiyar. "'Yata, na ce ya huta. Ya ce in bai zo nan ba zai tafi wani zauren, inda ba wanda ya san ciwonsa. Gara a gabana."

"Likita ya ce ya riƙa jan roba, ya ɗumama jiki."

"Ga robobin can. Yaran nan daga wajen aiki suke zuwa a guje, wa zai tsaya jan roba? Duk wanda kika gani a nan akwai abin da ya karye masa." Ya ɗaga hannunsa na dama, bai wuce saitin kunne ba ya tsaya cak. "Kin gani? Rabona da sosa bayana tun kina goye. Ga ni, ban mutu ba."

Ya faɗi haka ne don ya kwantar mata da hankali. Ta saɓa Tsigi ta sauko.

Da yamma ta tare shi yana haɗa jakarsa. "Baban Tsigi, ka bar kokawar nan, ko na shekara ɗaya ne. Ka koma wajen likitan."

"Ke kin san abin da nake zama a wajen aiki? 'Kai mai fenti, zo nan. Kai mai fenti, ka ɗiga a tayil.' Can saman kuwa in na shiga, tashi ake yi." Ya zuge jakar. "Kuma me zai same ni? Ina da ke. Ke ce maganina."

Ya fita yana fito. Tela ta zauna a gaban keken ba ta taka shi ba. Ashe da ba ta iya ba, da tuni asibiti ya tsayar da shi. Hannunta ne yake mayar da shi katifa. Ta yi rantsuwa a ranta ba za ta sake ba. Da ya hawo a karkace bayan 'yan kwanaki, yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa don kada Tsigi ta ji, ta tsaya kallonsa na ɗan lokaci, sannan ta share ƙasa.

Tsigi ta girma ta fara surutu. Ba ta da wasan da ya fi jirgi: uban ya kama ta ta hammata, ya ɗaga ta sama har ta kusa taɓo silin, ta baza hannuwa tana ƙyalƙyala dariya. Tela ta sha hana shi. Ya kan ce da dama yake ɗauka, hagu rakiya kawai take yi.

Ranar da abin ya faru ba aiki, safiya ce mai haske, Tela tana kan keke tana sa wa wata riga zif. Tana jin su a bayanta. "Baba, jirgi! Ƙara!" Sai ta ji wani ɗan sauti mai laushi da ta sani sarai, ta ji ya ja numfashi ta haƙori. Kafin ta juya ta ji na biyun, wanda ba ta sani ba, ƙarar kai a kan ƙafar ƙarfe ta keken da take zaune a kansa.

Yarinyar tana kwance a gefen ƙafarta, ba ta kuka. Jini yana tsiyaya daga goshinta zuwa cikin kunne. Tela ta fizgi ƙyallen da ke hannunta ta danne wurin, ta sure ta. Sai a lokacin Tsigi ta buɗe ido ta saki wani siririn kuka.

Ƙugiya yana durƙushe, hannun hagu na lilo, yana miƙo na dama. "Tana numfashi? Maman Tsigi, mayar min, mu tafi tare. Yi sauri, mayar min."

Ta san mayarwar ba za ta ci mata ko lokacin tafasar ruwan shayi ba. Ta kuma san ba lokacin ne ya hana ta ba. Ta dube shi daga bakin ƙofa, da jinin 'yarta a wuyan rigarta.

"Mayar da kanka," in ji ta.

A asibiti an yi wa goshin ɗinki. Yarinyar ta yi amai, aka ce sai an ɗauki hoton kai. Tela ta bi layi, ta zauna a benci, ta sake bin wani layin. Wayarta tana ta ruri a jaka, ta ciro ta ga shi ne, ta kashe ta gaba ɗaya. Da rana ta take likita ya ce ƙashin kan ya ɗan tsage, amma ba jini a ciki, zai haɗe da kansa, sai dai a kwantar da ita a sa mata ido. Tela ta zauna a bakin gadon tana kallon ƙirjin yarinyar yana hawa yana sauka. Ko sau ɗaya ba ta yi tunanin gida ba, ko kuma ta yi ta kore.

Rana ta yi sanyi sosai sa'ad da Koci ya leƙo ɗakin yaran, hularsa a hannu. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"Yana ƙasa, 'yata. An shiga da shi."

A tsaye a baranda ya ba ta labari. Ƙugiya ya zauna yana jiranta har rana ta take, ya ƙi kiran maƙwabta don kunya. Ya gwada da kansa, ya kasa. Sannan ya kira Koci, ya zo da ƙarti biyu. A lokacin tsokar ta riga ta ɗaure kamar dutse. Ɗaya ya danne shi, ɗaya ya sa diddige a hammata ya ja hannun iya ƙarfinsa, yadda suka saba yi a zaure. Suka ja, suka huta, suka sake ja. Can Ƙugiya ya yi wata ƙara, sannan ya ce ya daina jin ciwo. Ba su ji daɗin hakan ba, suka sa shi a mota suka kawo shi asibitin.

Sai da aka sa shi barci aka mayar da ƙashin. Da ya farka, likita ya tsikari gefen kafaɗar da allura, ya ce bai ji ba. Aka ce ya ɗaga hannun. Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta miƙe, hannun bai bar katifa ba. Likitan ya ce jijiyar da ke tafiyar da tsokar ce ta taɓu, wani lokaci takan farfaɗo, a jira a gani.

Aka jira. Ƙugiya ya koma wajen mai tabarau, kuma duk abin da aka ce ya yi sai ya yi har ya zarce. Tun asuba yana tsaye a jikin bango yana tafiya da yatsu sama kamar ƙadangare, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Tela tana jin nishinsa daga kicin. Yatsun sukan kai saitin ƙirjinsa su tsaya. Wata ya bi wata, tudun kafaɗar nan da ke cika ƙofa ya riƙa zaizayewa, har ƙashin ya fito fili, ga rami a ƙarƙashinsa.

Yayarsa ta zo dubiya ta zauna a kujerar ɗinki. Ta bari sai da ya shiga wanka, sannan ta juyo.

"Duk garin nan an san kin iya. Ƙiftawar ido ce a wajenki. Kika bar min ƙane a ƙasa kamar kare."

"Yaya, 'yata ce take zubar da jini."

"Shi ba 'yarsa ba ce? Da gangan ya yar da ita? Tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa. Amma naki ba tsautsayi ba ne, zuciya ce."

Tela ta tashi ta shige kicin. Washegari ta bi shi wajen gashi, ta faki idonsa ta tsayar da likitan a baranda. Ta tambaye shi ko da an mayar da wuri, da jijiyar ta tsira. Mutumin ya cire tabarau ya goge.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba. Mai yiwuwa ta taɓu tun lokacin gocewar. Mai yiwuwa daɗewar ce. Mai yiwuwa jan da aka yi ne. Kafaɗar nan dai ta daɗe tana neman hanyar tafiya."

Ta so ya ce eh ko a'a, ko wanne za ta iya ɗauka. Haka ta koma gida da tambayarta.

Aikin fenti ya ƙare masa, don ba mai ɗaukar wanda ba ya iya riƙe tsani da hannu ɗaya ya yi aiki da ɗaya. Wani mai shagon fenti da ya san shi ya ba shi kujera a bayan kanta, yana haɗa launi yana liƙa takarda a gwangwani. 'Yan zauren sun zo sau ɗaya da ledar lemo, suka zauna suna kallon ƙasa, ba su sake dawowa ba. Tsigi ta warke, sai tabo a gefen gira. Ba ta tuna faɗuwar, in an tambaye ta sai ta ce keke ne ya cije ta. Amma in uban ya sunkuyo zai ɗauke ta, sai ta maƙale a zanin uwarta. Shi kuma sai ya miƙe ya yi kamar wani abu yake nema a ƙasa.

Bai taɓa ɗaga maganar ranar ba. Yana gaishe ta, yana cin abincinta, yana cewa an gode. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mata.

Rigunansa suka fara zame masa ta hagu, wuyan ya karkace, hannun ya yi tsawo. Mutane a hanya sukan kalla su kau da kai. Wata rana bayan ya fita, Tela ta kwaso su duka, ta farke kafaɗar hagu ta kowacce, ta rage, ta cusa ɗan siririn soso daga ciki, ta mayar da ɗinkin yadda ba mai ganewa. Ta goge su ta jera a inda suke.

Da safe ya ɗauki shuɗiyar. Ya fara zura hannun hagu da taimakon na dama, yadda ya koya, ya jawo rigar ta baya, ya sa maɓallai. Sai ya tsaya. Ya kai yatsu ya latsa kafaɗar, soson ya lotsa ya dawo. Tela tana bakin ƙofar kicin da kofin shayinsa a hannu.

"Duka kika yi wa?" in ji shi, bai juyo ba.

"Duka."

Ya daɗe yana kallon madubi. Rigar ta zauna daidai, kamar mutum mai kafaɗu biyu.

"Ranar nan," in ji shi, "da kika ce in mayar da kaina. Na zaci za ki dawo."

"Na sani."

"Ina ta jin taku a matakala."

Ta ajiye kofin a kan tebur. Ya jira kaɗan, sannan ya gyara wuyan rigar da hannu ɗaya.

"Ɗinkin ya yi kyau," in ji shi. Ya ɗauki makullin shago ya fita, bai sha shayin ba.